Bayani A Kan Sauya Manajan Fayil Na Kwamfuta

Maganarmu ta wannan mako a kan wani bara ce wanda duk mai kwamfuta ya ke aike safe da yamma, amma kaɗan ne suka san sunansa, balle su san ana iya musanya shi da wani. Shi ne a ke kira manajan fayil.

Dalilin ɗauko maganar kuwa a fili ya ke. A yau malami ya kan tara littattafai cikin kwamfuta waɗanda a da sai an cika adaka da gafaka kafin su ƙare, ga hotunan tsofaffin kundaye da aka ɗauka warƙa warƙa, ga muryoyin karatu na shekara da shekaru. Ɗan kasuwa shi ma nan ya ke ajiye lissafin shiga da fita, da rasit, da takardun kwastan, da sunayen waɗanda ya ke bi bashi. Ko wanne daga cikin waɗannan fayil ne, kuma ana zuba su cikin folda kamar yadda a ke zuba takardu cikin jaka. To, duk sa'ad da mutum ya buɗe folda, ko ya kwafi fayil, ko ya sake masa suna, ko ya shafe shi, manajan fayil ne ya aika. Wanda irin wannan dukiya ta ke bi ta hannunsa kuwa ya isa a tsaya a san halinsa.

MATSAYINSA A CIKIN KWAMFUTA

Ka ɗauki faifan ajiya na kwamfuta tamkar sito. Babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, ko Windows ce, ko Linux, ko ta Apple, ita ce uwar gida mai riƙe da daftarin da aka rubuta inda kowane ƙunshi ya ke. Manajan fayil shi ne yaron sito: ya duba daftari, ya haska fitila, ya nuna maka abin da ke ciki, ya ɗauko abin da ka ce, ya kai inda ka ce. Kayan ba a jikinsa su ke ba. Saboda haka idan ka kawo sabon manaja, ko fayil ɗaya ba zai gusa daga wurinsa ba, kuma tsoho da sabo suna iya aiki a sito guda, kowa yana ganin abin da ɗan'uwansa ya ke gani. Wanda ya fahimci wannan ya huta da rabin tsoron da ke hana mutane gwadawa.

Kowace babbar manhaja tana zuwa da nata yaron. Na Windows shi ne Explorer, wanda kamfanin Microsoft ya fito da shi a 1995, aka sake masa suna File Explorer a 2012. Na kwamfutocin Apple sunansa Finder, yana nan tun 1984. Linux kuwa gida ne mai sassa da yawa, kowane sashe da nasa: akwai Nautilus, da Dolphin, da Thunar, da Nemo, da waɗansunsu.

ABIN DA YA SA A KE NEMAN WANI

Manajan da ya zo da kwamfuta an yi shi ne domin kowa da kowa, yaro da babba, gwani da ɗan koyo. Don haka masu yinsa su kan ɓoye abubuwa da yawa kada su rikita baƙo. Wannan ya wadatar ga mai fayil hamsin. Amma mai fayil dubu goma, wanda kullum ya ke kwasa daga waya zuwa kwamfuta, daga kwamfuta zuwa filashi, shi ne ya ke jin ƙuncin.

Neman wani manajan ba bidi'ar yau ba ce. A 1986 wani Ba'amurke mai suna John Socha ya rubuta Norton Commander, ya raba fuskar kwamfuta gida biyu, dama da hagu. Gefe ɗaya inda kaya su ke, ɗaya gefen inda za su. Mutum ya zaɓi abin da ya ke so, ya latsa maɓalli guda, kaya su ƙetare yana kallo. Wannan tsari ya karɓu ƙwarai har aka yi ta gina waɗansu bisa gurbinsa. A 1993 Christian Ghisler, mutumin ƙasar Suwizalan, ya fito da Windows Commander, wanda aka koma kira Total Commander a 2002 bayan Microsoft ta yi magana a kan sunan. A 1994 Miguel de Icaza na ƙasar Meziko ya fara Midnight Commander domin Linux da danginta. Akwai kuma Directory Opus na wani kamfani a Ostareliya, wanda ya faro tun 1990 a kan wata tsohuwar kwamfuta mai suna Amiga, sa'an nan ya ƙaura zuwa Windows. Na baya-bayan nan akwai Double Commander, kyauta ne, yana aiki a Windows da Linux da Apple duka.

Amfanin da a ke samu ga irin waɗannan yana da yawa, amma huɗu sun fi shafar masu karatunmu.

Na farko shi ne fuska biyun nan. Mai awo ba ya son a ce buhu yana ɗaki ɗaya, mudu yana wani ɗakin. Idan mafari da makoma suna gaban ido lokaci guda, kuskuren zuba fayil a foldar da ba tasa ba ya ragu.

Na biyu sake suna a dunƙule. A ce an ɗauki hoton wani kundi mai warƙa 400, kyamara ta ba kowane hoto lambar da ba ta da ma'ana. Sake musu suna ɗaya bayan ɗaya aikin yini ne. Da Total Commander ko Double Commander sai a zaɓe su duka, a rubuta sunan littafin sau ɗaya, a ce lamba ta bi daga 001 har 400, a ga yadda sunayen za su kasance tukuna, sa'an nan a zartar. A lura da sifirin nan na gaba, domin akwai na'urorin da in babu su sai su sa warƙa ta 10 a gaban ta 2, littafi ya hargitse.

Na uku gwama folda biyu. Mai hankali ba ya ajiye lissafinsa a wuri ɗaya, ya kan yi kwafi a wani faifan. Amma bayan wata uku wa zai tuna abin da ya ƙaru a nan bai ƙaru a can ba? Waɗannan manajoji suna jera foldar biyu, su nuna wanne ne sabo, wanne ne babu shi a ɗaya gefen, su kwafi abin da ya rage kaɗai.

Na huɗu ganin abin da aka ɓoye. Galibin fayiloli suna da 'yar wutsiya a ƙarshen sunansu mai faɗin irinsu, kamar pdf ga littafi, jpg ga hoto, exe ga manhaja mai aiki. Explorer ya kan zo da wutsiyar a ɓoye. Mugaye sun san haka, sai su aiko da fayil mai wutsiya biyu, ta farko pdf ta biyu exe. Mutum ya ga ta farko kaɗai, ya zaci rasit ne, ya buɗe, ya shigo da ɓarawo gida da hannunsa. Haka kuma cutar nan da filashi ke ɗaukowa a shagunan buga takardu, wadda ta ke ɓoye foldar gaskiya ta bar inuwarta. Mutane da yawa sun wanke filashi ɗungum suna zaton kayansu sun halaka, alhali suna nan a lulluɓe. Manajan da aka umarta ya nuna kome zai nuna su.

Amma adalci ya wajaba a nan. Shi ma Explorer yana iya nuna wutsiyar fayil da ɓoyayyun foldoji idan an buɗe masa wannan a cikin saitinsa, kuma tun ƙarshen 2022 na Windows 11 yana buɗe folda da yawa cikin taga guda, kowace da shafinta. Wanda bukatarsa ba ta wuce wannan ba, ba shi da hujjar neman baƙo.

WANI LABARI DAGA GIDAN LINUX

Wani lokaci ba mai kwamfuta ne ke gajiya da manaja ba, manajan ne ke sake hali. A 2012 masu kula da Nautilus suka fito da sabon bugu, suka cire abubuwa da dama da nufin sauƙaƙawa, har da raba fuska biyu da mutane suka saba da shi. Jama'a suka yi ta gunaguni. Da ya ke Nautilus yana cikin manhajojin da aka yarda kowa ya ɗauki asalin rubutunsu ya gyara, sai mutanen Linux Mint, ƙarƙashin jagorancin Clement Lefebvre, suka ɗauki bugun da ya gabata, suka ci gaba da renonsa da kansu, suka sa masa suna Nemo. Sunan ma da gangan ne, domin a wani tsohon labari na Jules Verne, marubucin Faransa, Nautilus jirgi ne mai tafiya ƙarƙashin teku, Nemo kuwa shi ne matuƙinsa. Har yau Nemo ne manajan babban bugun Linux Mint, kuma masu waɗansu sassan Linux su kan ɗauko shi su sa a madadin nasu.

Ita ma Microsoft a 2018 ta saki asalin rubutun tsohon manajanta na 1990, wanda Explorer ya gada, domin masu sha'awarsa su ci gaba da aiki da shi. Da ma an ce da tsohuwar zuma a ke magani.

YADDA A KE SAUYAWA

A nan sai a rarrabe tsakanin abu biyu: kawo sabon manaja, da naɗa shi a gurbin tsoho. Kawowa ba ta da wuya, kamar sa kowace manhaja ce. Ka buɗe shi sa'ad da ka ga dama, ka rufe sa'ad da ka gama. Naɗawa kuwa ita ce a ce duk lokacin da aka latsa folda, ko aka soka filashi, sabon ne zai amsa kira. Wannan ita ke bukatar natsuwa.

A Windows, wurin da a ke zaɓen manhajar buɗe hoto ko ta shiga intanet ba shi da gurbin zaɓen manajan fayil. Umarnin yana cikin wani babban daftari na asiri da a ke kira rajista, inda aka rubuta wa zai amsa idan an taɓa folda ko faifai. Waɗansu manajoji, kamar Directory Opus da XYplorer, suna da wurin da za ka sa alama cikin saitinsu, su yi rubutun da kansu, in ka cire alamar su mai da kome yadda ya ke. Wannan ita ce hanya mai lafiya. Waɗansu kuwa sai an shiga rajista an gyara da hannu. Wanda bai ƙware ba kada ya shiga, domin kuskuren layi ɗaya ya isa ya sa folda ta ƙi buɗuwa. In tilas ne, a fitar da kwafin sashen da za a taɓa tukuna, a kuma sa Windows ta ajiye alamar komawa baya.

Ga babban gargaɗi, a riƙe shi da kyau. Kada wani ya ce tun da ya sami sabo bari ya shafe Explorer ko ya hana shi tashi. Explorer ba yaron sito ne kaɗai ba, shi ne kuma mai shimfiɗa fuskar kwamfuta da 'yan hotunan da ke kanta, shi ke riƙe da sandar nan ta ƙasa inda agogo ya ke. Wanda ya kore shi zai kunna kwamfuta ya tarar da fili fetal, babu abin latsawa. Watau ya saki reshe ya kama ganye. Haka Finder ya ke ga kwamfutar Apple: ana iya sa ForkLift ko Path Finder su yi aiki tare da shi, amma ba a tumɓuke shi.

A Linux abin ya fi sauƙi, domin an gina ta bisa yarda da musanya. A sassa da yawa akwai wurin zaɓen manaja cikin saiti, inda babu kuma umarni ɗaya mai suna xdg-mime ya isa a ce wane ne zai riƙa buɗe folda. Duk da haka a nan ma barin tsohon ya fi cire shi, gama a waɗansu sassan shi ke zana fuskar kwamfuta, kuma cire shi ya kan ja waɗansu manhajoji su bi shi.

Sai a sani kuma, ko an naɗa sabo, 'yar tagar nan da ke fitowa sa'ad da mutum zai ajiye wasiƙa ko zai buɗe littafi daga cikin wata manhaja ba za ta sake ba. Ita ta uwar gida ce. Wanda ya gan ta yadda ya saba kada ya zaci naɗin bai kama ba.

MAGANAR AMANA

Mun zo ga abin da ya fi kome nauyi. Ɗan kasuwa ba ya miƙa mabuɗin sito ga yaron da ya tsinta a tasha, sai ya tambayi gidansu da wanda zai tsaya masa. To, manajan fayil yana ganin duk abin da ka ke gani, yana iya kwafa, yana iya shafewa, in yana da hanyar intanet yana iya aikawa waje. Babu wata manhaja da ta fi shi kusa da asirin mai kwamfuta.

Abin da ya faru ga masu wayar Android ya isa darasi. Akwai wani manaja mai suna ES File Explorer wanda aka sauke fiye da sau miliyan 100. A watan Janairu na 2019 wani mai binciken tsaro ɗan Faransa ya nuna cewa manajan yana barin wata ƙofa a buɗe, har wanda ke kan wayifai ɗaya da kai yana iya jawo hotuna da fayiloli daga wayarka ba ka sani ba. A watan Afrilu na shekarar kuma Google ta fitar da shi daga kasuwarta, sa'ad da aka zargi kamfanin da ya ke da alaƙa da shi da maguɗin talla. Yawan masu amfani da abu ba shaidar amana ba ne.

Saboda haka a ɗauko manaja daga gidan masu shi, ko daga kasuwar manhaja ta ainihi, ko daga taskar sashen Linux da mutum ke kai. A guji wanda aka fasa wa kulle a ke rabawa a filashi, domin wanda ya fasa kullen yana iya cusa abin da ya ga dama a ciki. Total Commander na kwamfuta ana gwada shi wata guda sa'an nan a biya, Directory Opus ma na kuɗi ne. Wanda ba shi da halin biya, ga Double Commander nan halal, ba sisi. A kuma dubi ko masu shi suna ci gaba da gyaransa, gama manhajar da aka yi shekaru ba a taɓa ba kamar katanga ce da aka daina yaɓe.

Masu rubuta sunan fayil da Larabci ko ajami, ko da haruffan boko masu lanƙwasa, suna da wani gwaji na musamman. Tsofaffin manajoji da yawa ba su san waɗannan haruffa ba, sai su nuna alamar tambaya a gurbinsu, wani lokaci ma su kasa buɗe fayil ɗin. Kafin a amince da sabo, a yi folda ta gwaji, a zuba mata fayil uku ko huɗu masu irin waɗannan sunaye, a kwafa, a sake suna, a matse su cikin zip a kwance, a ga ko sun fito lafiya. Gani ya kori ji.

WUƘA MAI KAIFI

Sauri shi ne abin da a ke nema ga sabon manaja, kuma saurin nan shi ne haɗarinsa. A Total Commander da masu bin tsarinsa, F5 kwafi ne, F6 ƙaurarwa, F8 shafewa. Tsakanin kwafi da ƙaurarwa faɗin yatsa ne kawai. A Explorer kuwa F5 sabunta kallo ne, ba ya taɓa kome. Hannun da ya saba da wancan sai ya koyi wannan a hankali.

A san kuma cewa ƙaurar da fayil cikin faifai guda gyaran daftari ne kawai, nan take a ke gamawa. Amma ƙaurarwa daga faifai zuwa wani faifan kwafi ne sa'an nan shafe na asali. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, ko filashi ya motsa, sai a tarar da rabin kaya a nan rabi a can. Ga abu mai daraja, a kwafa, a buɗe kwafin a gani, sa'an nan a shafe na farko. Abin da aka shafe daga filashi kuma, a Windows, ba ya zuwa kwandon shara inda a ke maido da shi. Ya tafi ke nan, sai dai a nemi masu tono, su ma ba kullum su ke dacewa ba.

Gwama foldar da muka yaba ɗazu ita ma tana da ƙaya. Akwai zaɓin da ke mai da gefen dama ya zama daidai da na hagu sak, watau duk abin da ke dama wanda babu shi a hagu a shafe shi. Idan mutum ya juya gefen, ya sa tsohon kwafi a hagu sabon lissafi a dama, aikin wata uku zai tafi cikin ƙiftawar ido. A karanta jerin da manajan ya nuna kafin a ce masa zartar, ko da ana kiran mutum a waje.

TAƘAITAWA

Wanda ya yi niyyar sauyawa, ga tsarin da ya fi dacewa. Da farko ya faɗa wa kansa abin da ya dame shi ga tsohon, da sunansa. In ya rasa abin faɗa, ya zauna inda ya ke. Sa'an nan ya kwafi duk abin da ya ke jin asararsa zuwa wani faifai dabam, ya zare faifan ya ajiye. Ya kawo sabon manaja daga wuri amintacce, ya yi mako biyu ko wata guda yana aiki da shi gefe da gefe da tsohon, yana farawa da fayilolin da ko sun ɓata ba kome. In ya ga hannunsa ya faɗa, kuma ya riga ya san hanyar warware naɗin in ta ɓaci, to ya naɗa. In kwamfutar ta shago ce ko ta makaranta, wadda yara da almajirai ke taɓawa, ya fi kyau a bar musu Explorer da suka sani, maigida ya riƙa buɗe nasa shi kaɗai.

Manaja kome ƙwarewarsa ba ya gyara sito da mai shi ya hargitsa. Wanda ke zuba kome a fuskar kwamfuta, ya sa wa fayil goma suna ɗaya, zai ci gaba da nema ko da wane manaja ya kawo. A ba kowane fanni foldarsa, a fara sunan takardar ciniki da shekara, sa'an nan wata, sa'an nan rana, domin su jeru da kansu bisa tarihi. Wanda ya yi haka, tsohon yaro zai ishe shi, sabo kuma zai ƙara masa sauri.

Allah ya tsare mana abin da muka tara, ya ba mu amfaninsa.